Bango Tsura

Aikin gini wahala ne, ban ga abin ɓoyewa ba. Ya ci mani gwiwa, ya ci mani ƙugu, ya bar ni da tafin hannu kamar busasshiyar fata, har yau in na kama alƙalami sai in ji kamar tsinke na riƙe. Amma ba don in yi maku kukan ciwo na sa aka sayo mani wannan littafin rubutu ba. Ina jin abin da kuke faɗi, ku 'ya'yana, in kun taru da Sallah kuna zaton barci nake. Kuna cewa Baba ya taɓa yin suna a Dutsin-Ma, arziki ya zo mashi har bakin ƙofa, ya sa ƙafa ya shure don taurin kai. Uwarku ma haka take ba da labarin, kuma ba ƙarya ta yi ba, ita ta daka tsakin da muka ci bayan nan. Sai dai ita ba ta je Kurfi ba ran nan. Ni na je. To ga yadda aka yi, da ɗan rubutuna na ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ranshi.

Hannun Baffa Mati na koyi gini, ƙanen ubana, a Kurfi. Gajere ne, baƙi, ba shi da yawan magana, in ya yi kuwa ba ya sa mata mai. Ginin ƙasa yake yi da tubali, irin na da. Dokarshi guda ce, kuma ita ta fi ba ni haushi: in aka ɗora tubali ya kai kamu ɗaya, to an tashi aiki a wannan bangon, sai ya sha rana ya bushe ƙarau kafin a ɗora wani. Ko mai gida zai yi kuka da hawaye, Baffa ba ya ƙara ko tubali ɗaya bisa ɗanye. In bango ya kai, sai a yi mashi yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓawa da ƙasa don ruwan sama ya zame. Da tafin hannu yake shafawa, ba da cokalin gini ba. Daga nan sai ya ja da baya, ya goge hannu a gindin wandonshi, ya faɗi kalmar nan tashi da ya riƙe kamar carbi.

"A bar shi tsura."

Ku da kuka taso da boko ban sani ba ko har yanzu kuna amfani da ita. Mu a gidanmu kalmar rashi ce. In Inna ta miƙo koko ta ce yau tsura ne, to ba sukari ba ƙosai, ka sha ka gode Allah. Fura tsura ita ce wadda ba a samu nono ba aka dama da ruwa. In mutum ya je gaida surukai tsura, ba goro ba komai, sai an yi wata ana yi da shi a bakin rijiya. Wuƙar da ƙotarta ta fita ma tsura ake ce mata. Duk inda na ji kalmar, wani abu ne ya kamata a ce yana nan amma babu shi. Baffa Mati kaɗai na taɓa ji yana faɗinta kamar mai yabo, kuma na ɗauka talauci ne ya bi mashi jiki har ya fara jin daɗinshi.

Ni kuwa Allah ya ba ni hannun zane. Tun ina saurayi in na sami ɗanyen yaɓe sai yatsana ya kama ƙaiƙayi. Wata rana muna aikin wani zaure, Baffa ya tafi sallah, na zana dagi bisa ƙofa, mai kyau, har masu wucewa suka tsaya. Da ya dawo ya dube shi, ya jiƙa hannu, ya shafe da shafa ɗaya.

Na ce, "Baffa, mi ya yi?"

Ya ce, "Bai yi komai ba. Shi ya sa na cire shi."

Ban ƙara shekara ba na tattara na koma Dutsin-Ma. Can na sami abin da nake so. Siminti ya shigo, fenti ya shigo, masu kuɗi suna son a ga gidansu tun daga nesa. Ana shafa siminti bisa fuskar bangon ƙasa, kafin ya kama sai in fitar da zane a jiki, ya bushe in bi da kala. Na zana takobi, na zana keke, na zana agogo da butar shayi, na zana mota har da direba a ciki. Aka daina ce mani Lawali, sai Lawal Mai Zane. Na auri uwarku, Dije, muka kama ɗaki biyu a bayan kasuwa. Na yi shekara bakwai ban sa ƙafa wurin aikin Baffa ba. Gaisuwa dai muna yi, in na je Kurfi.

Sai shekarar da aikin dam na Zobe ya kankama. Gari ya cika da baƙi, leburori da direbobi da masu awon ƙasa, daga ko'ina, kowa kuma sai ya ci. Masu hatsi suka yi kuɗin da ba su taɓa mafarki ba. Cikinsu akwai Alhaji Mu'azu, mutumin Kurfi ne shi ma amma a Dutsin-Ma yake harkarshi. Ya kira ni ya ce yana son sabon zaure mai tsawo, in gina kuma in zana, amma a gama kafin ɗaurin auren babban ɗanshi. Na lissafa kwanakin a raina na san ba za su isa ba. Na ce za su isa.

A nan na yi abin da na yi. Ba wanda ya sa ni. Aikin kwana uku na riƙa ɗorawa a yini ɗaya, ɗanye bisa ɗanye. Da bango ya kai, na tsaya a gefe na duba, sai na ga ya yi ciki. Daga dama da ƙofa, sama da kan mutum kaɗan, ya turo waje kamar cikin akuya mai juna biyu. Ba sosai ba. Wanda ba magini ba ba zai gani ba. Amma ni na san abin da ke nan: ƙasar ciki ba ta bushe ba, nauyin sama ya danne ta, ta buɗe. In na rufe da siminti, ruwa ya sami hanya ta sama ya shiga, ba inda zai fita. Na sani sarai. Na kwaɓa siminti da kauri, na ɗora zanen jirgin sama daidai wurin, na sa tudun ya zama cikin jirgin. Na yi mashi fukafukai da tagogi, na zagaye da dagi da furanni, kore da shuɗi da ruwan ɗorawa. Wallahi ban taɓa yin zanen da ya kai shi kyau ba. Ran ɗaurin aure mutane suka bar ango suna kallon bango. Suna cewa jirgin kamar zai fito, dubi yadda ya turo. Ni kuwa ina tsaye ina karɓar yabo, idona na kan ma'aunan Alhaji, masu auna mashi hatsi, da masu dako, don a inuwar wannan bangon suke zama da buhunansu tun hantsi har la'asar, daidai ƙarƙashin jirgin.

Alhaji ya ji daɗi. Ya ce akwai jerin shaguna da zai gina a bakin hanya, da gidan ƙanenshi, duk nawa ne. Da na gaya wa Dije ta yi guɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo.

Bayan kamar wata biyu, bazara ta yi tsanani, hadari ya fara leƙowa daga gabas, Alhaji ya aiko kirana. Ya ce tsohuwarshi da ke Kurfi ta matsa sai an sake gina ɗan masallacin ƙofar gidansu, wanda marigayi ubanshi yake sallah a ciki, kuma ta rantse ba mai taɓa shi sai Mati magini, don shi ya gina mata ɗakin aurenta.

Ya ce, "An gama. Na je na gani. Lawal, baffan nan naka ko rumbu aka ce ya gina mani ai ya fi haka. Ba zane, ba fenti, ba komai. Tsura, kamar masallacin marayu. Mutane su ce Alhaji Mu'azu ya ƙawata zaurenshi ya bar ɗakin Allah tsirara? Ka tafi gobe ka sa mashi wata da tauraro, da dagi, da duk abin da ka ga ya dace."

Ba zan ɓoye maku ba, daɗi na ji. Na ce yau ga ranar da zan zana bisa bangon Baffa kuma ba shi da ikon shafewa.

Akwai wani Yohanna, Kirista ne daga kudancin Zariya, yana cikin masu awo a wurin dam, yana haya a gidan Alhaji. Mutum ne mai barkwanci, Hausa a bakinshi kamar a nan aka haife shi. Ya ji zan je Kurfi, ya ce shi ma yana son sayen zabi can, in hau bayan babur ɗinshi. Muka tashi bayan asuba, ni da buhun kayan aikina, shi da jakarshi ta fata wadda ba ya rabuwa da ita ko coci zai je. Duk hanya yana tsokanata.

"Oga mai jirgi, yau kuma mi za ka ɗora wa masallaci? Jirgin ƙasa?"

Na ce, "Kai dai ka kula da ramuka."

Muka isa rana ta ɗan ɗago. Muka karya kwanar lungun, sai ga shi.

Na daɗe ina neman yadda zan faɗa maku abin da na gani, kuma har yanzu ban samu ba, don ba abin da zan lissafa. Ɗaki ne guda, bai fi ya ɗauki sahu uku ba. Ƙofa ɗaya. Taga ɗaya ƙarama, can sama. Launin ƙasa, ja mai duhu, irin na makuba in ta bushe. Shi ke nan. Amma hasken safiya yana tahowa ta gefe, yana bin jikin bangon tun daga wannan kusurwa har waccan, kuma duk maginin duniya ya san wannan haske ba ya rufa wa kowa asiri. Ko tudu kamar ƙwayar gero ne sai ya yi inuwa. Na duba, na sake dubawa. Ba inuwa. Ko ɗaya. Bangon ya taso daga ƙasa da kauri, yana ramewa a hankali har sama, yadda ba za ka ce ga inda ya fara raguwa ba. Da na matsa kusa sai na ga sawun tafin hannu, shafa bisa shafa, kowace ta shiga cikin 'yar'uwarta, sirara kamar sawun iska bisa rairayin gulbi. Ban san lokacin da na sauke buhu ba. Na gina gidaje masu yawa, na ga na wasu, amma ban taɓa tsayawa gaban bango na ji ya kamata in rage murya ba sai ran nan.

Yohanna ma ya daina surutu. Ya kafe babur, ya zagaya ginin sau biyu. Sai ya buɗe jakarshi ya fiddo igiyar awo, ya ce in riƙe mashi baki ɗaya a kusurwa. Ya ja ta har ɗaya kusurwar, ya ɗaure ta tam, ya bi yana leƙen tsakaninta da bango. Ya ɗaga ta daidai ƙirji, ya sake. Ya hau dutse ya ɗaga ta sama da kai, ya sake. Ya ɗauko wani katako mai 'yar kwalba da ɗigon ruwa a ciki, wanda suke gane karkata da shi, ya aza a dokin ƙofa, ya aza a bakin taga. Ya tsuguna yana kallon ɗigon nan kamar zai yi mashi magana.

Baffa Mati yana zaune gindin wani iccen bedi yana gyaran igiyar guga. Ban ma lura da shi ba sai da Yohanna ya nufe shi ya rusuna.

"Baba, don Allah da wane ma'auni ka yi wannan aiki?"

Baffa ya ɗaga tafin hannunshi ya nuna mashi, ya ci gaba da igiyarshi.

Yohanna ya yi dariya, amma ba irin dariyarshi ta kullum ba. Ya ce, "Baba, mu can muna da na'ura mai ƙafa uku wadda aka kawo daga ƙasar Turawa, mutum huɗu ke binta. Wallahi da za mu sami layi irin wannan da an ƙara mamu girma. Wata nawa ka yi?"

"Tun kaka."

"Wannan ɗan ɗakin? Tun kaka?"

Baffa ya ce, "Rana ce ke gini, ɗana. Ni ɗora mata nake."

Na je na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi Dije da yara. Ya dubi buhuna, ya ga bakin gwangwanin fenti ya leƙo. Bai canza fuska ba.

Ya ce, "Mu'azu ya aiko ka."

Na ce, "Shi ya aiko ni, Baffa."

"To bisimilla. Masallacinsu ne. Ga tsani can."

Na jingina tsani, na hau da ƙusar da nake fitar da layi da ita. Ina so ku gane, ba tsoron Baffa ya hana ni ba, na wuce nan. Neman wurin farawa na yi. Duk bangon da na taɓa zanawa shi ke gaya mani inda zan sa hannu: nan ya ɗan lotsa, a cika da fure, nan ya tsage, a bi da reshe, nan ya karkace, a ja idon mutane can gefe da kala mai ƙarfi. Sai a kan tsanin nan na gane haka nake aiki, shekara bakwai, ban taɓa faɗa wa kaina ba. Wannan bangon bai nemi komai wurina ba. Na kai ƙusa sama da ƙofa, na janye. Na kai gefen taga, na janye. Duk inda na nufa sai in ga ɓarna zan yi. Na fi rabin sa'a a sama, rana ta fara cizo, ban ja layi ɗaya ba.

Yohanna ya ce daga ƙasa, "Oga, ko man jirgin ne ya ƙare?"

Na sauko. Ya ga fuskata, ya ce bari ya je ya nemo zabinshi, ya bar mu.

Na zauna kusa da Baffa a ƙasa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Na je Dutsin-Ma ran kasuwa. Na ga jirginka."

Na ce, "An ce ya yi kyau."

"Ya yi kyau. Kowa gaba yake tsayawa ya kalla. Ni gefe na tsaya, wajen kusurwa." Ya ja igiya da haƙori ya ɗaure. "Lawali, mi ke ƙarƙashin jirgin nan?"

Na ce, "Baffa, siminti ya riƙe shi."

"Siminti riga ce. Damina ɗaya zai yi, in Allah ya taimaka biyu. Kuma ba da dare zai zo ba don ya tausaya maka, da rana zai zo, bayan ruwa, sa'ad da mutane suka dawo inuwa." Ya miƙe, ya karkaɗe rigarshi. "Ni ban taɓa ƙin zane ba. Wanda ya iya bango, in ya so ya zana. Amma sai ka iya barin shi tsura ka tafi gida ka yi barci, sannan ka san ka gina. Ni dai ban gaya wa kowa ba. Ba bangona ba ne."

Ya ɗauki guganshi ya tafi. Iyakar abin da ya ce ke nan, ban ƙara mashi ko kalma ba.

Muka dawo Dutsin-Ma da azahar, zabi biyu na kuka a bayana. Da la'asar Dije tana tankaɗe a tsakar gida na zauna na gaya mata komai. Ta ajiye rariya.

Ta ce, "Malam, wa ya sani?"

"Ni da Baffa."

"To Baffa ba mai magana ba ne. Kai kuma Allah ya ba ka baki ya ba ka leɓɓan rufe shi. Bango nawa ke tsaye a garin nan da ciki? Na gidanmu ma tun ina yarinya yake a karkace, har yau kaji na kwana gindinshi."

Na ce, "Kaji ne. Can mutane ne."

"Mu fa? Mu ba mutane ba ne? Ga ni da ciki, ga biyu a ƙasa. Shekara nawa muna jiran irin wannan aiki? Ka je Kurfi yini ɗaya tsohon nan ya shafa maka talaucinshi. Shi mi ya tara? Riga biyu da guga!"

Na ce, "Dije, ba ki ga bangon ba."

Ta ce, "Bango! In yara suka yi kuka sai in kai su Kurfi su kalli bango su ƙoshi."

Kada ku ga laifinta. Duk abin da ta faɗa ya faru, har ya fi haka.

Kafin magariba na tafi wurin Alhaji. Na same shi a zauren, bisa kilishi, ana auna mashi dawa a waje. Na wuce ta ƙarƙashin jirgin na shiga, na durƙusa. Na ce ban zana masallaci ba, kuma ba zan iya ba. Kafin ya buɗe baki na gaya mashi sauran. Ya saurara har na gama. Ya sallami wanda ke yi mashi fifita. Ya tashi ya fita, ina ganinshi ta ƙofa, ya tsaya gaban bangon ya daɗe, bai ga komai ba. Na fito na ce ya zo wajen kusurwa. Ya zo, ya kara kunci da bango, ya duba. Sai ya ga cikin da bangon ya yi.

Muka koma ciki. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, kuma wannan ya fi tsawa ciwo.

"Lawal, ka san mutum nawa na kawo nan na nuna masu zauren nan? Daga Katsina an zo. Yanzu in tashi in ce masu ruɓaɓɓe ne?"

Na ce, "Laifina ne, Alhaji, ba naka ba."

"Wa zai tsaya rarrabewa? Gidan Mu'azu za a ce." Ya ɗago kai ya dube ni. "Ka tabbata zai faɗi?"

"Ranar ce ban sani ba."

Ya ja carbi ya daɗe. Sannan ya ce, "To ji nan. Ni ba magini ba ne, kai ne. In ka ce a bar shi, an bar shi, zan sa ma'auna su ɗan matsa in damina ta yi ƙarfi, maganar ta mutu nan, shaguna naka ne. In kuwa ka ce sai an rushe, to da hannunka za ka rushe, da rana, kowa na gani, ka mayar da ƙarfinka. Duk wanda ya tambaya kai za ka ba shi amsa. Bayan nan ban san ka ba. Ka je ka yi shawara da matashin kanka."

Na san ma'aunan nan. Ko ka kore su sau goma, inuwa za ta dawo da su.

Bari in faɗa maku kuɗin abin tun yanzu, don kada ku ce na ɓoye. Shaguna wani aka ba. A gari aka daina cewa Lawal Mai Zane, aka koma Lawal mai ginin da ke rushewa, don mutane ba su riƙe cewa ni na rushe ba, rushewar kawai suka riƙe. Shekara ba ta zagayo ba muka bar ɗakunan bayan kasuwa muka koma Kurfi. Uwarku ta sayar da kwanonin aurenta ɗaya bayan ɗaya. Na koma bayan Baffa ina miƙa mashi tubali, ni da gemuna, har ya rasu, kuma bai taɓa ce mani na kyauta ba. Daga baya na bi ƙauyuka, har Kuki, ina gina rumbu da katanga. A duk shekarun nan bango biyu na yi waɗanda na ja da baya na ce a bar su tsura ban ji kunya ba. Biyu. Kuma ko su, in aka jera da masallacin nan, almajiran aiki ne. Ban kai shi ba, ban ga wanda ya kai shi ba.

Amma wannan duk daga baya ne. Ran nan dai na koma gida, Dije ta ajiye mani tuwo, na ci.

Washegari da na fito daga sallar asuba na ari diga wurin maƙwabcinmu, na saɓa tsani a kafaɗa. Na isa ƙofar Alhaji da hantsi, ma'auna sun fara shimfiɗa buhuna. Na ce su kwashe su koma tsallaken hanya. Babbansu, wani dattijo mai jan gemu, ya ce, "Mai Zane, lafiya? Ƙarin kala za a yi?"

Na ce, "Ku dai matsa."

Na jingina tsani, na hau, na yi bisimilla, na kafa diga a tsakiyar jirgin. Simintin ya ɓalle faifai guda. Ƙasar da ke bayanshi ta biyo shi, baƙa, mai sanyi, tana warin rijiya, wata biyu bayan an gama gini. Ta zubo daidai inda dattijon yake zaune ɗazu. Ba wanda ya sake tambayata komai. Na gyara tsayuwa na ɗaga diga karo na biyu.